KAFANCAN: GARIN DOGO DA TSOFAFFIN AKWATUNAN SAUTI

Kowane gari da abin da ya haife shi. Wani ganuwa ce ta tara mutanensa, wani kasuwa, wani kuwa mashigin kogi. Kafancan dai hanyar jirgin ƙasa ce ta raya shi. Ko da ya ke masu ƙasar, watau Fantswam, sun daɗe zaune a wannan wuri tun kafin zuwan Turawa, garin da mu ke gani yau ya soma bunƙasa ne daga shekarar 1927, lokacin da dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe guda ya hau tudu zuwa Jos domin kwasar kuza. Da aka gama babbar gadar Makurɗi a kan Binuwai cikin 1932, sai ya zamana jirgi na iya tasowa daga bakin teku ya iso nan ba tare da an tsaya ƙetare kogi ba. A farkon shekarun 1930 ɗin nan ne kuma fadar Sarkin Jama'a ta ƙaura ta dawo Kafancan.

Galibin masu ba da labarin garin a kan tasha da taragu su ke tsayawa. Mu kuwa yau wani ɗan ƙaramin gado za mu duba wanda jirgi ya kawo, ya kuma tafi ya bari a ɗakunan mutane, watau tsofaffin rediyo da amfilifaya masu aiki da ƙwai na gilashi, irin waɗanda sai sun yi ɗumi kafin su yi magana. Kaɗan suka rage, masu iya gyaransu kuma sun fi su ƙaranci.

HANYAR ZUWA

Wanda ya taso daga Kaduna a mota zai yi tafiyar kusan kilomita 200. Zai bi ta Kaciya, daga nan ko dai ya ratsa ta Zonkwa, ko kuwa ya zagaya ta Kwoi, ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Tun daga Kaciya matafiyi zai ga ƙasa ta sake kama. Ciyawa ta fi tsawo, itatuwa sun fi duhu, ga kunyoyin doya da gonakin citta da na acca, ga duwatsu suna leƙowa ta bayan ƙauyuka. Mai zuwa daga Jos kuwa gangarowa zai yi ta Mancok da Kagoro, dutsen Kagoro yana tsaye a gefensa kamar katangar birni. A gindin wannan dutse ne a ke yin bikin Afan ran 1 ga watan Janairu kowace shekara, inda maharba da makaɗa da 'yan rawa ke cika fili. Kusa da Madakiya kuma akwai Matsirga, inda kogi ke zubowa daga tsayin da ya wuce mita 20, mutum yana jin rugumniyarsa tun bai hango shi ba.

Ruwan sama a wannan yanki ya fi na Kano da Katsina yawa nesa ba kusa ba. Ya kan soma tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin damshin da ke raya citta shi ne babban abokin gaban kayan lantarki, za mu kuwa komo kansa.

ALBASHI DA FAIFAI

Ma'aikatar jirgin ƙasa ta tara wa Kafancan mutane daga kowace kusurwa. Ga direbobi da masu zuba kwal, ga makanikan loko, ga akawuna da masu buga waya, Ibo da Yarabawa da Hausawa da Tibi da mutanen ƙasar, kowa da harshensa, Hausa ta zama ta kowa. A nan aka haifi marubucin nan Onuora Nzekwu cikin 1928, wanda daga baya ya shugabanci Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya. Abin da ya bambanta ma'aikacin reluwe da manomi a wancan zamani shi ne albashi, ƙarshen wata kuɗi na shigowa. Mai albashi kuwa, in ya sayi keke da gadon ƙarfe, abu na gaba da ransa ke so shi ne akwatin da zai yi masa magana da waƙa.

Da farko garmaho ne mai wani da hannu, ba ruwansa da lantarki. Sa'an nan rediyo ya shigo. An buɗe Sashen Hausa na BBC cikin watan Maris na 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya soma aiki cikin 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa cikin 1963. Mabiya addinin Kirista, waɗanda su ke da yawa ƙwarai a wannan yanki, suna kama tashar ELWA da mishan ɗin SIM ta kafa a Manrobiya ta Laberiya cikin 1954, da kuma shirye-shiryen Muryar Bishara da a ke ɗauka a Jos a watsa su daga Habasha. Wanda aljihunsa ya yi nauyi sai ya sayi rediyogiram, wani dogon akwati na katako mai sheƙi wanda ya haɗa rediyo da abin juya faifai da lasifika wuri guda, ƙirar Philips ko Grundig ko Pye. A kan shimfiɗa masa ƙyalle mai ado, a ɗora hoton aure a kai. Ran Asabar da dare a sa faifan Rex Lawson ko Victor Olaiya ko Jim Reeves, da rana kuwa muryar Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos na fitowa daga Kaduna. Coci-coci da masallatai da jam'iyyun siyasa da motocin majigi su ma suna da nasu amfilifaya masu nauyi, masu tura murya cikin lasifikar ƙaho.

Abu biyu suka kawo ƙarshen wannan zamani a nan. Na farko rikicin 1966, wanda ya sa ɗimbin ma'aikatan jirgi 'yan Gabas suka bar Arewa, cikinsu har da gwanayen aikin hannu. Na biyu taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka cikin 1947. Ita ba ta zafi, ba ta fashewa, batir kaɗan ya ishe ta. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975, sai kantuna suka cika da kayan Japan, su Sony da Sanyo da National, kowa ya tura tsohon akwatin ubansa ƙarƙashin gado. Jirgin ma kansa ya soma ja da baya daga shekarun 1980. An ƙaddamar da aikin sabunta dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa ta nan, cikin watan Maris na 2021, mutanen gari kuwa sun zuba ido.

A RUMFAR MAI GYARA

A wani lungu da ba shi da nisa da tasha na sami wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya koyi sana'ar tun yana yaro a hannun wani ma'aikacin reluwe. Yau abincinsa daga gyaran fanka da talabijin da cajar waya ya ke fitowa, amma a kan kantar bayansa akwai gwangwanin madara cike da ƙwayayen amfilifaya, kowanne a naɗe cikin tsohuwar jarida. A kan teburinsa kuma ga wata amfilifaya da wani malamin makaranta ya kawo daga Kagoro, ta mahaifinsa ce, yana so a tashe ta ya riƙa jin waƙa a falonsa.

Na ce, "Baba, shin wannan abu zai sake magana kuwa?"

Ya ce, "Malam, zai yi, in dai ba a riga an yi masa gaggawa ba. Yawancin waɗanda a ke kawo mini ba tsufa ya kashe su ba, ɗoki ne."

Kafin mu fahimci maganarsa sai mu san yadda abin ke aiki. Wannan ƙwai, wanda masu sana'a ke kira bawul, kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta sarai aka toshe. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya fara yin sa cikin 1904, sa'an nan Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata 'yar raga cikin 1906, wadda ita ce asirin ƙara sauti. A tsakiyar kwalbar akwai siririyar waya mai yin ja, a kan ba ta wuta bolt 6.3 a yawancin irin da mu ke magana a kai. Zafinta ke sa wani ɗan bututun ƙarfe ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki. Daga waje kuma akwai farantin ƙarfe da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, bolt 250 zuwa 450, yana jawo su. Ragar nan tana tsakaninsu. 'Yar ƙaramar wutar da ta fito daga allurar faifai ita a ke kai wa ragar, in ta motsa kaɗan sai babbar wutar da ke wucewa ta motsa da yawa, daidai da yadda muryar ta ke hawa da sauka. Ɗan Kafancan ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san mai juya dogo a mahaɗa, mutum guda da sandar ƙarfe a hannu, amma shi ke nuna wa jirgi mai taragu talatin inda zai bi.

Kowane ƙwai da lambarsa a jiki. ECC83 da EF86 ƙanana ne, su ke karɓar murya tun tana raunana. EL84 da EL34 su ne manya masu tura lasifika. Biyu na EL84 in suna aiki bi da bi, ɗaya na turawa ɗaya na ja, su kan ba da wat 10 zuwa 15, biyu na EL34 kuwa wat 20 zuwa sama da 30. EZ81 da GZ34 aikinsu daidaita wutar gari ta zama mai gudu hanya ɗaya. Kamfanin Mullard na Ingila ya buga wani tsari cikin 1954 mai ƙwai biyar da wat goma, aka yi ta kwaikwayonsa a ƙasashe da dama, saboda haka wanda ya gane shi ya gane rabin abin da za a kawo masa.

Sai kuma taransifoma biyu. Ɗaya ta wuta, ɗaya ta fitar da murya. Ƙwai yana aiki da wuta mai tsananin ƙarfi amma siririya, lasifika kuwa mai kauri ta ke so marar tsanani. Taransifomar murya ita ke sulhunta su, kamar yadda giya ke sa injin babbar mota ya iya hawan tudun Kagoro da kaya. Ita ce mafi daraja a cikin akwatin duka, in ta ƙone an yi babbar hasara.

ABIN DA KE KASHE SU

Ɗokin da dattijon ke nufi shi ne wannan. Mutum ya jawo akwatin da ya shekara arba'in a ajiye, ya kakkaɓe ƙura, ya soka a bango don ya ji ko yana yi. A cikin akwatin akwai kwandansa iri biyu. Manyan, masu kama da gwangwani, suna da ɗan ruwan magani a ciki wanda ke bushewa in an daɗe ba a yi aiki da su ba, in wuta ta zo musu gaba ɗaya sai su yi zafi su fashe, ko su ja taransifomar wuta su ƙona ta. Ƙananan kuwa da takarda da kakin zuma aka yi su, takarda kuma tana shan damshi. Damina arba'in ta Kudancin Kaduna ta isa ta mai da su kamar rariya. Aikin irin wannan kwandansa shi ne ta bar murya ta wuce daga ƙaramin ƙwai zuwa babba, ta tare babbar wuta. In ta soma yoyo sai wutar ta kai ga ragar babban ƙwai, shi kuwa ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, farantinsa ya yi ja kamar garwashi, cikin 'yan mintoci ya mutu, wani lokaci ya tafi da taransifomar murya.

Saboda haka gwani ba ya fara da kunnawa. Ya kan buɗe ya share tukuna, gama zanzaro na gina ɗaki a ciki, kyankyaso na yin ƙwai, ɓera na cin rigar waya, gara kuma na cin katako. Ya duba kowane ƙwai. A saman gilashin akwai wani tabo mai ƙyalli kamar madubi, in ya ga ya koma fari kamar alli, to, iska ta shiga, ƙwan ya tashi aiki. Ya auna naɗin taransifoma da mita ya tabbata bai tsinke ba. Ya cire kwandansan takarda duka ya sa sababbi na roba masu jure bolt 630, ya sake manyan su ma. Ya auna razista ɗaya bayan ɗaya, domin irin na dā na gawayi ƙarfinsu ya kan haura da tsufa. Ya wanke ramukan da ƙafafun ƙwai ke shiga, ya sabunta dalmar da ta tsage.

Sai an gama wannan a ke ba da wuta, ita ma da dabara. A kan ratsa ta cikin ƙwan fitila mai wat 60 ko 100, irin na dā mai zare a ciki, kafin ta isa amfilifaya. In lafiya, ƙwan zai yi haske farat ɗaya sa'an nan ya dushe. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zurarewa, fitilar kuma ta shanye ta, ba abin da ya ƙone. Dattijon ya ce yanzu samun irin wannan ƙwan fitila ma ya zama aiki, tun da masu ƙarancin cin wuta suka cika kasuwa, su kuwa ba su yin wannan aiki. Doka ta ƙarshe, ba a kunna amfilifaya mai ƙwai ba tare da an haɗa lasifika ba. Ta taransista ba ta damu ba, amma wannan in ta rasa inda za ta sauke kayanta sai wutar ta yi tsalle a cikin taransifoma ta huda naɗin.

GYARA DA ƘARI

Bayan an tashe ta, sai maganar ƙari. A nan ne mai kaya da mai gyara su kan yi ciniki, domin akwai ƙarin da ke da amfani, akwai kuma na garin neman gira a rasa ido.

Mafi amfani shi ne na tsaro. A sa sabuwar igiyar wuta mai waya uku, a ɗaure ta ukun a jikin ƙarfen akwatin ta tafi ƙasa, a sa fis daidai ƙarfinsa, ba guntun waya ba. Yawancin kayan Ingila suna da wani maɓalli a baya na zaɓen ƙarfin wuta, daga bolt 200 zuwa 250. Ma'aunin ƙasarmu 230 ne, amma inda wuta ke hawa da sauka, ko a ke aiki da janareta, gara a ajiye shi a kan 240 a kuma haɗa da na'urar daidaita wuta, domin wutar da ta wuce kima tana rage kwanan ƙwai.

Na biyu shi ne ƙofar shigar murya. Malamin nan na Kagoro ba shi da faifai ko ɗaya, waƙoƙinsa duk a cikin waya su ke. Ana iya fitar da soket a baya a haɗa waya, ko a sa 'yar na'urar Bluetooth mai wutarta dabam. Sai dai a tuna tsofaffin nan yawancinsu hanya ɗaya gare su, waya kuwa biyu ta ke fitarwa, dama da hagu. Ba a murɗe su wuri guda haka kawai, sai a ratsa kowace ta cikin razista kafin a gama su. Wanda ya nace sai ya ji dama dabam hagu dabam, to, sai ya nemi amfilifaya biyu iri ɗaya. In kuwa ta coci ce ko ta masallaci a ke so a mayar ta gida, akwai ƙarin aiki. An yi ta ne domin makirufo, wanda muryarsa ƙarama ce ainun, saboda haka waya za ta cika ta har ta shaƙe, sai an tsallake ƙwai na farko ko an rage ƙarfin abin da ke shiga. A bayanta kuma a kan sami mafita ta bolt 100 domin lasifikar ƙaho mai doguwar waya. Ba ita za a bi ba, sai mai lamba 8 ko 16, daidai da abin da aka rubuta a jikin lasifikar ɗaki.

Akwai masu cire EZ81 ko GZ34 su sa 'yan ƙananan dayod na zamani, don sun fi araha. Abin yana yi, amma wutar ciki za ta haura da bolt da dama, za ta kuma zo nan take tun sauran ƙwayayen ba su yi ɗumi ba, sai an ƙara razista an rage ta. Akwai kuma masu cewa a ƙara girman kwandansa don a kashe gurnanin da ke fita a lasifika. Wannan ma da iyaka. Masu ƙera GZ34 sun ƙayyade kada ta farko ta wuce maikurofarad 60, ta EZ81 kuwa 50. Sau da yawa ma gurnanin daga wayoyin ɗumama ƙwai ya ke, in an tufka su kamar igiya aka kwantar da su a jikin ƙarfe nesa da ƙofar murya sai ya ɗauke. In za a sake manyan ƙwai, a sake su biyu tare masu ƙarfi ɗaya, a kuma auna abin da kowanne ke ja, gama in ɗaya ya rinjayi ɗaya kamar an haɗa bijimi da maraƙi a garma ne.

Wani abin da ba a taɓawa sai da ilmi shi ne wayar da ke ɗebo kaɗan daga muryar da ta fita ta mai da ita baya domin ta gyara kanta. Wani injiniya na Amurka, Harold Black, shi ya gano wannan dabara cikin 1927, shekarar da dogo ya haɗu a Kafancan. In an sake naɗin taransifoma aka juya wayoyinta, maimakon gyara sai amfilifaya ta kama ihu. Masu naɗin fanka da injin ruwa suna iya naɗa taransifomar wuta, amma ta murya hawa-hawa a ke naɗa ta, ana cuɗanya naɗin ciki da na waje, sai wanda ya warware tsohuwar a hankali yana ƙirga zagaye yana rubutawa.

Kada mai karatu ya ɗauka an daina yin ƙwai a duniya. Ana yin sababbi a Sulobakiya da Rasha da Sin, domin makaɗan jita a Turai da Amurka ba su rabu da su ba, haka ma masu sha'awar sauti a Japan. Cikin 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tsananta, sai da suka yi wuya a kasuwannin duniya, kuɗinsu ya tashi.

GASKIYAR MAGANA

Shin ta fi ta zamani? In ma'auni za a bi, ba ta fi ba. Ta zamani ta fi fitar da murya yadda ta shiga, ta fi ƙarfi, ta fi sauƙi. Mai ƙwai kuwa tana cin wajen wat 70 zuwa 100 ko da ba a sa kome ba, wanda ke dogara da hasken rana da batir sai ya yi lissafi. Abin da masoyanta ke so shi ne taushin muryarta, da yadda in an ƙure ta ba ta tsagewa farat ɗaya. Wat goma kuma ya ishi falo in an haɗa ta da babbar lasifika irin ta dā mai faɗin baki.

Haɗarinta kuwa ba abin wasa ba ne. Bolt 400 na kisa, manyan kwandansa kuma suna riƙe wuta bayan an zare igiya. Sai an sauke ta ta cikin razista, an auna an ga babu, kafin a sa hannu. Masu sana'a su kan sa takalmin roba, su tsaya a busasshen wuri, su yi aiki da hannu ɗaya. Akwai kuma wasu ƙananan rediyo na dā marasa taransifomar wuta, waɗanda lambar ƙwansu ta kan fara da U, kamar UL84 da UY85. Ƙarfen cikinsu a haɗe ya ke da wutar bango kai tsaye. Kada a kuskura a fitar da waya daga irinsu zuwa wayar hannu ko wani abu da mutum zai taɓa. Wanda bai ƙware ba ya kai wa gwani.

DARASIN NOK

Daga Kwoi zuwa ƙauyen Nok ba nisa. A can ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunkin yumɓu cikin 1928. Cikin 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka samu a ƙasar Jama'a, wanda wani ya kafa a gonarsa yana korar tsuntsaye da shi. Daga baya bincike ya nuna aikin mutanen da suka zauna a wannan ƙasa ne fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kafin jama'a su farga da darajarsu, 'yan fasa-ƙwauri sun kwashe da yawa zuwa ƙetare, musamman cikin shekarun 1990.

Ba mu ce rediyogiram ya kai gunkin Nok daraja ba. Amma hanyar ɓacewar iri ɗaya ce. Kullum 'yan gwangwan na zagaya unguwanni da kura, abin da su ke nema a jikin tsohuwar amfilifaya shi ne jan ƙarfen da ke cikin taransifoma, su fasa da guduma su auna a sikeli. A shekarun da hannu ya yi ƙunci, kamar 2023 da cuta ta cinye gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko, ba za a zargi wanda ya sayar da abin da ba ya amfani da shi ba. Sai dai abin da aka fasa domin kuɗin cefanen kwana biyu, in da an gyara shi, ya yi wa gida aiki shekaru masu yawa, ko a sayar da shi da daraja.

Akwai abin da za a iya yi, ba kuwa mai tsada ba ne. Mai irin wannan kaya ya ɗauke shi daga ƙasa, ya ajiye a busasshen wuri, kada ya kunna, kada ya zubar da ƙwai ko da ya ga kamar ya mutu. Coci-coci da masallatai su duba ɗakunan ajiyarsu. Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da makarantun koyon sana'a na yankin su nemi irin dattawan nan su zo su nuna wa ɗalibai, gama babu abin koyar da lantarki da ya kai wanda ɗalibi ke ganin cikinsa da idonsa. In kuma an tashi gyara tashar Kafancan, ɗaki guda ya isa a jera fitilar mai ba da hannu, da na'urar buga waya, da rediyon da ma'aikata suka ji labarin samun mulkin kai da shi cikin 1960. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.